Sharhi kan horon aikin faiba da hannu da na yi a Legas

Horon ya ci kuɗinsa, wannan zan fara faɗa. Wuri ne da ake ƙera jiragen ruwa na faiba (wato zaren gilashi da ake haɗawa da ruwan danƙo mai daskarewa) da tankunan ruwa a bakin lagun, suna ɗaukar masu koyo kaɗan-kaɗan, kuma na fito da sana'a a hannuna. Sai dai akwai inda suka gaza, kuma gazawar ta fi shafar mu 'yan Arewa, don haka duk mai niyyar zuwa ya karanta har ƙarshe kafin ya tura kuɗi.

Ni maƙerin jirgin katako ne a Yauri, gado na yi. Katako mai kyau kullum ƙara tsada yake, kuma tun hatsarin jirgin Warra a watan Mayun 2021, wanda ya ci rayuka masu yawa, maganar komawa jirgin faiba ba ta kwanta ba a bakin kogi. Ni dai ban yarda cewa faiba kaɗai za ta hana hatsari ba, domin jirgin da aka yi wa lodi fiye da ƙima zai nutse ko da me aka ƙera shi. Amma jiragen suna shigowa, kuma idan ɗaya ya bugi kututture a tafkin Kainji ya tsage, mai gyara ne ke wuyar samu. Abin da ya kai ni ke nan.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su ɓata mana lokaci a kan allo ba. Da mol aka fara, wato mazubin da ake shimfiɗa aikin a cikinsa ya ɗauki siffarsa: a wanke shi, a shafa kaki, a goge, a sake shafawa, har ya yi santsi yana sheƙi. Sabon mol yakan sha kaki sau da yawa kafin a yarda da shi, domin idan aikin ya manne a ciki an yi asarar aikin da mol ɗin gaba ɗaya. Daga nan sai jelkot, wato fatar waje mai launi, a shafa kauri kamar rabin milimita. Idan ya yi siriri zai yi yamushi lokacin da rezin, ruwan danƙon da ake jiƙa faiba da shi, ya hau kansa, idan ya yi kauri zai tsattsage daga baya. Ana jira har ya kama, yadda in ka taɓa da yatsa za ka ji danƙo amma launi ba zai biyo ka ba.

Shimfiɗa tabarmar faiba ita ce zuciyar aikin, kuma a nan ne malaminmu ya nuna shi gwani ne. Dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, yana jin Hausa sosai. Tabarmar da muka fi amfani da ita mai nauyin giram 450 ce a kowace murabba'in mita, sai mai 300 a shimfiɗar farko don ta fi bin lungu. Ya hana mu zuba rezin a saman busasshiyar tabarma. A fara shafa rezin a jikin mol, a ɗora tabarma, sannan a riƙa dannawa da bakin buroshi, ba a ja kamar mai fenti, domin jan yana kwashe zaren ya tara shi gefe guda. Sai a ɗan dakata. Akwai wani abu da ke riƙe zaren tabarmar, rezin ne ke narkar da shi, kuma sai ya narke take yin laushi ta kwanta. Za ka ga farinta yana gushewa har ka fara hango abin da ke ƙasa, kamar takardar da aka naɗe ƙosai a ciki. Bayan nan ne rola mai tsaga-tsaga ke shiga, a bi a hankali daga tsakiya zuwa baki ana koro iska.

Wani cikinmu ya gama allon faiba da ya shimfiɗa yana murna ya ce, "Baba, nawa ya yi." Dattijon ya ce, "Ɗana, ɗaga shi sama ka duba." Da ya ɗaga wajen hasken rana sai ga fararen ɗigo-ɗigo sun bazu a kusurwa, da wani wuri mai faɗin tafin hannu inda zaren bai sha rezin ba. Ya ɗauko kwabo yana ƙwanƙwasa allon: inda ya yi kyau ƙarar a tsaye take, inda iska ta maƙale sai ka ji ta mutu. A jikin jirgi, irin wannan wurin ne ruwa ke samun mafaka, daga nan shimfiɗa ta fara rabuwa da 'yar'uwarta. Tun ranar kowa ya koma ƙwanƙwasa aikinsa kafin ya kira malam.

Ya kuma karya mana wani tunani da kusan duk muka zo da shi, cewa yawan rezin shi ne ƙarfi. Ƙarfin yana cikin zaren gilashin, rezin riƙe shi kawai yake yi. Ga irin wannan tabarma, kilo ɗaya na faiba yana shan kilo 2 zuwa 2 da rabi na rezin, saƙaƙƙiyar tabarma kuwa kusan ɗaya da ɗaya. Abin da ya wuce haka nauyi ne da saurin tsagewa, ga asarar kuɗi. Shi ya sa ake auna tabarmar a sikeli kafin a dama komai. Sauran ƙananan dabaru ma sun shiga hannu: a yage bakin tabarma maimakon yanka ta da almakashi don haɗin ya ɓace, a ɗora wata kan wata kamar santimita 5, kada haɗe-haɗe su faɗo wuri guda, a cike kusurwa mai kaifi da kwaɓi tukuna don tabarma ba ta iya lanƙwasa sosai, a kuma datse baki da wuƙa lokacin da aikin ya kama amma bai yi tauri ba.

Yanzu ga inda suka gaza. Na farko, maganar zafi. Maganin da ke daskarar da rezin, MEKP, ana sa kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ne, su kuma awo ɗaya suka ba mu, kusa da kashi 2, ba tare da sun tsaya kan cewa yanayi ne ke yanke hukunci ba. Lokacin aiki da ake rubutawa a takardar rezin, minti 15 zuwa 20, yawanci an auna shi ne a zafin digiri 25. A Kebbi kuwa watan Afrilu yakan kai digiri 40. Da irin awonsu, rezin zai kama a cikin roba kafin ka gama rabin aikin, robar ta yi zafin da ba ta taɓuwa, har hayaƙi takan yi. A wajenmu sai an sauko kashi 1, kada a yi ƙasa da haka don ba zai daskare da kyau ba, a auna da sirinji, a dama kaɗan-kaɗan a kwano mai faɗi, a yi aiki da sassafe a inuwa. Ƙurar hunturu ma babu wanda ya ambace ta, alhali tana sauka kan ɗanyen jelkot ta lalata fuskar aikin. Wurin da ke karɓar kuɗin mutane daga ko'ina a ƙasar nan bai kamata ya koyar kamar kowa a Legas zai zauna ba.

Na biyu ya fi ci mini rai. Takunkumin ƙyalle suka raba mana, irin na lokacin korona, wanda ba ya tare warin rezin ko kaɗan. Tururin sinadarin sitayirin da ke tashi daga rezin yana sa ciwon kai da jiri, kuma na ga yara matasa a wurin suna gurza faiba ba tabarau, suna wanke hannu da asiton. Asiton na wanke buroshi da rola ne, ba na fata ba. Ana buƙatar takunkumin roba mai gwangwanin tace tururi, da tabarau, da safar hannu, da riga mai dogon hannu saboda ƙaiƙayin zaren. Ɗigon MEKP a ido yana iya makantar da mutum. A nan dole in yaba wa dattijon, domin shi ne ya tsaya ya ja mana kunne cewa kada MEKP ya taɓa haɗuwa kai tsaye da ruwan kobalt mai launin shuni, wanda ke hanzarta daskarewa, saboda wuta suke tayarwa. Amma wannan daga bakinsa ya fito, ba ya cikin tsarin horon.

Ga mai son zuwa, ya sayi kayan kariyarsa tun daga gida, kuma kafin ya biya ya tambaya ko za a koya masa gyaran tsohon jirgi. Mu sabon aiki a cikin mol aka fi nuna mana, gyara sai a gurguje, alhali shi ne zai fara kawo maka kuɗi a bakin kogi. Gyaran yana da nasa sharuɗɗa: jirgin ya bushe sarai, a gurje kewayen tsagar a karkace har faɗin ya kai ninki 12 na kaurin jikin, a share ƙura da maiƙo, sannan a jera faci-faci masu girma daban-daban har su cike ramin daidai da kaurin asali. Ka nace a ba ka fasasshen jirgi ka yi da hannunka a gaban malam, ko da za su ƙara maka kuɗi.