Mota iri ɗaya, juyen mai daban

Alhaji, ka ce kai da ƙaninka Corolla iri ɗaya kuke ja. Kai daga gida zuwa kasuwa a cikin Garwa, shi kuwa duk mako sai ya je Ngaundere ya dawo, kuma kana tambaya ko lokacin juyen baƙin manku ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, kuma abin da zai ba ka mamaki, injinka ya fi nasa shan wuya.

Mu ce kana yin kilomita 10 a rana, wato 300 a wata. In ka ce sai ka cika 5,000 za ka yi juye, man zai kwana a inji fiye da wata 16. Gajeriyar tafiya ba ta barin mai ya daɗe da zafi har ya kori danshi da ɗan fetur ɗin da ke zirarewa cikinsa, sai ya tsinke, ya fara tara dauɗa. Ga tsayuwa a ƙofar shago inji na aiki saboda na'urar sanyi, musamman a Maris da Afrilu da zafin Garwa ke haura digiri 40. Mita ba ta ƙirga wannan, amma man yana tsufa. Don haka kai wata za ka ƙirga: duk wata 6 ka juye, tare da filtarsa, ko da kilomitar ba ta cika ba. Batirinka ma zai riga nasa mutuwa, domin ba ya samun isasshen caji.

Ƙaninka kuma mita zai riƙa dubawa. Zuwa da dawowa Ngaundere ya haura kilomita 500, kafin wata 3 ya cinye 5,000. Injinsa na tafiya da gudu ɗaya tsawon sa'o'i, abin da mai ya fi so ke nan. Wahalarsa a ƙasa take: taya, shokozoba, da birki. Duk wanda ya gangaro dutsen Ngaundere da kaya a but ya san yadda birki ke wari in ba a sauko da ƙaramar giya ba. Kafin kowace tafiya ya duba ruwan lagireto da iskar taya tun da safe, taya na sanyi.

Littafin motar kan zo da jadawali biyu, na tuƙin yau da kullum da na tuƙi mai wahala, inda aka lissafa ƙura, zafi, gajerun tafiye-tafiye da kaya masu nauyi. Kilomita 10,000 ko 15,000 da ake yawan faɗa na jadawalin farko ne, na titin Turai inda yawancin motocinmu suka fara rayuwa. Mu nan kusan duka a na biyu muke.

Inda kuka haɗu shi ne filtar iska a lokacin hunturu. Ni duk wata nake buɗe tawa, kuma na daina yarda yaran gareji su hura ta da iska mai ƙarfi, tun ranar da aka fasa mini takardarta. Man birki shekara 2 ne ga kowa. In ɗayanku na shan zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a kwalba a bakin titi, to filtar fetur ɗinsa ba za ta kai wa'adin da littafi ya rubuta ba.