Gargaɗi kan mai tallar tsohuwar Fijo 504 mai ƙofa biyu a yankin Ringim da Taura

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah duk wanda yake cikin guruf ɗin saye da sayarwa na Facebook da WhatsApp na yankinmu, Ringim, Taura, Garki har su Ɓaɓura da Gumel, ya daure ya karanta wannan ya kuma tura wa 'yan uwa. Akwai wani mutum da yake ta yaɗa hoton wata tsohuwar Fijo 504 mai ƙofa biyu, ja, duk ta yi tsatsa tayoyinta sun nutse a ƙasa, yana cewa wai motar gado ce ana neman wanda zai saya ya gyara ya sayar wa Turawa da dala. Damfara ce tsagwaronta. Ba zan kama suna ba saboda magana ta je hannun hukuma, kuma dama sunan da yake bayarwa ba ɗaya bane, kowa da wanda ya gaya masa, layukan wayarsa ma haka. Kuma ku lura da lokacin da ya zaɓa, sai da ya bari aka yi kaka mutane suka sayar da riɗi da shinkafa kuɗi suka shigo hannun samari sannan ya fito da tallarsa.

Ni sana'ata gyaran jikin mota ce, fanal bita da fenti, a kan Fijo na koyi aiki tun lokacin da ita ce tasi ita ce motar gwamnati, saboda haka abin da zan faɗa da idona na gani.

Abin da yasa maganarsa take shiga kunne shine ya cakuɗa ta da gaskiya. Eh, akwai 504 mai ƙofa biyu ta asali, kufe ake ce mata, an fito da ita a 1969, shekara ɗaya bayan ainihin 504 ɗin, aka daina yinta a 1983. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta kuma can ake ƙera jikinta sannan a kai Faransa a ƙarasa haɗawa. Daga 1974 aka fara sa mata inji mai silinda shida, kuma irinta ce ta ci tseren Safari na Kenya a 1978. Da ita da 'yar uwarta mai buɗaɗɗen sama gaba ɗaya ba su kai 40,000 ba a duniya, alhali 504 ta gama-gari ta haura miliyan 3, to kaga dole mai kyan ta yi tsada a Turai. Duk wannan zai karanto maka shi tiryan-tiryan har ya turo maka bidiyon gwanjon motoci na ƙasar waje. Abin da ba zai gaya maka ba shine kamfanin Fijo na Kaduna da ya fara haɗa 504 a 1975, salun da wagon da a-kori-kura ya yi mana, bai haɗa kufe ba. Wadda duk ta shigo ƙasar nan shigo da ita aka yi, 'yan ƙalilan ne, ba abu bane da zaka ce kowane tsohon Alhaji yana da ɗaya a bayan gida awaki suna kwana a ƙarƙashi.

Ga yadda yake tafiyar da abin. Da ka yi masa magana zai fara da ladabi, ranka ya daɗe, Alhaji, ko da kuwa ya girme ka. Zai ce marigayin tsohon ma'aikacin En'e ne da ya sayo ta lokacin yana ganiyarsa, magada suna son a raba gado kafin azumi, shi kuma dillali ne kawai la'adarsa yake nema. Kuɗinta miliyan 2 da rabi. In ka ce zaka zo ka gani sai ya ce bismillah, amma sai bayan magariba zai samu sarari, kuma in kun je ba zai bari ka matsa sosai ba, wai Hajiya tana takaba ba a son hayaniya a ƙofar gida, a haska da fitilar waya daga gefe a tafi. Wane ɗan mutunci ne zai ce sai ya kwanta a ƙarƙashin mota a ƙofar gidan da ake zaman takaba? Da kunyarmu yake cin mu.

Washegari ko jibi sai wani baƙon layi ya kira ka, Hausarsa a karye tana haɗe da Turanci, ya ce daga Legas yake, ya ji labari kai ne ka riga shi ga motar nan, shi yana da bature a hannu, in ka mallake ta zai biya ka miliyan 9 a yadda take ko wanke ta kar ka yi. To nan ne hankali yake barin jiki. Shi kuma dillalin sai ya kira ya ce wani daga Kano ya taho da kuɗi a hannu, in kana so ka tura kafin alƙalami yanzu-yanzu a riƙe maka. Ɗan ƙanwata haka ya tura dubu 400, kuɗin riɗinsa da na ragunan da ya yi kiwo. Bayan nan aka ce kuɗin janwe da zai ɗauko ta dubu 120, ya tura. Aka ce sai an ga mai unguwa da shaidu dubu 50, ya tura. Kuma ko wane karo asusun daban ne da suna daban, ɗaya ma na mai POS ne, in ya tambaya sai a ce ai na babban ɗan marigayin ne, wancan kuma na ƙanin Hajiya. Sai da aka zo kan cewa takardun suna hannun wani lauya a Dutse shima sai an sallame shi, sannan ya zo gareji ya same ni yana ta kame-kame, ya ce Kawu akwai wata mota da nake so ka duba min.

Da rana tsaka muka je ƙauyen da motar take ba tare da mun sanar da dillalin ba. Tun daga nesa na ga tsayinta bai yi min ba. Kufe ta asali gajera ce, daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya mita 2.55 ne, salun kuma 2.74, wato ƙafa tara ba kaɗan. Na ja tef na auna, ƙafa tara ta ba ni. Na ɗauko maganaɗisun tsohuwar sifika da nake yawo da shi a aljihu na bi gefen motar da shi, a ƙofar gaba yana kamawa, ina wuce ginshiƙin tsakiya sai ya sulale ya faɗi ƙasa, saboda fila ce ta cike lotsa, wadda ba ƙarfe ba, aka lafta a wurin ta kusa kaurin yatsa. Na leƙa ciki na ɗaga ledar da aka manna a gefen kujerar baya, sai ga ƙofar baya nan zaune daram, har ramin mariƙinta da na abin ɗaga gilashi, an bi bakinta da walda an like, an cire hannun waje an toshe, an watsa jan fenti sama-sama sannan aka bi da ƙasa da baƙin mai don ya yi kamar ya shekara talatin a haka. Salun ce irin wadda muka yi ta hawa zuwa Kano, ba wata kufe. Wanda ya san motar ma ko auna ba sai ya yi ba, ƙofar kufe doguwa ce, fitilunta na gaba da na baya daban, rufinta ya kwanta, babu ƙarfen jiki ko ɗaya da suke musaya da salun. Hotunan da yake turawa kuwa da na zauna na duba su da kyau, biyu daga ciki na wata motar ce daban ya kwaso a intanet, har ciyawar wurin ba irin tamu ba ce, sauran kuma ya ɗauke su ta kusurwar da ba zaka gane tsayi ba.

Sai na kwanta a ƙasa. Wallahi ko da ace kufe ce ta gaske, abin da na gani a nan ya isa a haƙura. Na sa sukundireba a ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa ban ma danna da ƙarfi ba ya shige, ƙarfen yana ɓarɓashewa a hannu kamar ƙanzo. Daɓen wajen ƙafar direba babu shi, kwanon rufi aka yanka aka ɗora aka shafe da kwalta. Inda shakazoba take kamawa a gaba ya tsage. Mutane da yawa ba su san 504 salun ba ta da shasi daban irin na babbar mota ba, jikin shine ƙashinta, in daɓe da gefuna suka ruɓe to babu abin da zaka ɗaura inji da ƙafafu a kai, gyaranta ya zama ƙera sabuwar mota. Kuma wai ana cewa ƙasarmu busasshiya ce mota ba ta tsatsa, to wadda take tafiya kenan. Wadda ta zauna shekaru a kan turɓaya, damina ta jiƙa ta, ganye ya toshe magudanan ruwanta, fitsarin dabbobi yana bin ƙasanta, daga ƙasa take cinyewa sama tana nan kamar lafiya. Wannan har busasshen taɓo na tarar a bayan dashbod da cikin fitila, alamar ruwa ya taɓa shanye ta, kuma duk mun san abin da ambaliyar 2022 ta yi a yankin nan. Na buɗe bonet, inji ne mai silinda huɗu da kafireto, na sa sifana a kan fuli ya ƙi motsi ko kaɗan, ya daskare. Farantin lambar mota da ke cikin bonet an ɓalle shi, sai ramukan kusa.

Muna cikin haka wata dattijuwa ta aiko yaro ya kira mu zaure. Muka gaisa, na ce Iya ashe an yi rashi, Allah ya jiƙan Malam. Ta ce amin ɗan nan, amma ai Malam ya fi shekara goma da rasuwa, wace takaba kuma? Ashe mutumin zuwa ya yi ya ce shi ɗan gwangwan ne zai sayi motar a kilo, ya ajiye musu wani ɗan abu, ya ce kafin ya kawo mota ya ɗauka zai ɗan yi mata aiki a wurin, ya zo da mai walda da janareta suka wuni. Ita ba ta san ana tallar ta ba, ta dai ga ana ta zuwa da daddare ana haske-haske, kuma mu ba mu ne na farko da suka zo da rana suna tambaya ba. Motar ma ba ta isa ta sayar ita kaɗai ba, akwai 'ya'yan marigayin wasu suna Kano wasu suna kudu, ba a raba ba. Takarda kuwa ko ɗaya babu, ta ce gara ta cinye su tun tuni a cikin adaka.

Wannan batun na magada ku riƙe shi ko da ba wannan motar ba. Kayan gadon da ba a raba ba, in mutum ɗaya ya sayar maka, ranar da ka gama kashe kuɗi ta yi kyau ranar wani zai fito ya ce da rabonsa a ciki ku tafi gaban alƙali. A zauna da rana, magada su hallara ko wakilinsu da suka amince da shi, mai unguwa ko dagaci yana nan, a rubuta a sa hannu, lambar jiki da ta inji su dace da abin da ke takarda, sannan kuɗi su fita, kuma su shiga asusun mai kayan da sunansa. In ba haka ba cinikin biri a sama ka yi.

Ni ba ina hana kowa sha'awar tsohuwar mota bane, nima ina so, kuma salun ko a-kori-kura mai lafiyayyen ƙasa abar gyarawa ce, kayan inji da na ƙafa in ka shiga Ƙofar Ruwa ka yi haƙuri zaka samu. Amma kufe ko ka samu ta gaske, gilashinta na gaba kaɗai ko fitila ɗaya sai dai a nemo maka daga Turai da kuɗin waje, mai silinda huɗun ma da injekta irin ta da ta zo, ba kowane bakanike ne zai taɓa ta ba. Kuma baturen da ake ta faɗa, in har akwai shi, abin da zai fara tambaya lambar jiki ce da takardu da hoton ƙarƙashi. Duk wanda ya ce zai ba ka miliyan 9 a kan motar da bai gani ba, shi da mai sayarwar bakinsu ɗaya. Tun ranar da muka je ƙauyen layin na Legas da na dillalin suka mutu a tare.

Wanda ya san ya tura kuɗi dan Allah kar kunya ta sa ya yi shiru, don shirun ne yake ba shi damar komawa wani gari. Kar ku goge hirarku ta WhatsApp, har saƙon murya ku ajiye, ku ɗauki hoton rasit ɗin tiransifa da lambar asusun da sunan da ya fito, ku je bankinku da wuri ku shigar da ƙorafi a rubuce, sannan ku kai rahoto ofishin 'yan sanda, EFCC ma suna da ofis a Kano. Kuma ina roƙon samari kar wanda ya je ya tayar wa tsohuwar nan da hankali ko ya ce zai ja motar a madadin kuɗinsa, ita ma cutarta aka yi, kuma in kun ci karo da shi a kasuwa hukuma za ku miƙa wa, kar a taɓa shi a ɓata shari'ar. Na ji an ce yanzu ya koma tallar wata Marsandi mai buɗaɗɗen sama ta wajen Kazaure da Ɗambatta da sabon layi, labarin dai iri ɗaya har da takabar. Mu nan mun fara haɗa rasit wuri ɗaya don a shigar da ƙara a tare, wanda abin ya shafa ya yi min magana ta inbos, ya zo da takardunsa a buge ranar da za mu koma wajen 'yan sanda.