Sifikar kanta ko ƙanana masu wufa: wacce ta dace da ciki da falo na haya?

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce an turo ka koyarwa wani gari a ƙasar Ringim, ka kama ciki da falo a gidan haya, bango ɗaya ne tsakaninka da maƙwabci mai iyali. Mai shago ya nuna maka kaya iri biyu: tagwayen sifiku masu akwatin katako da ake ɗorawa a kan kanta, da ƙananan nan da ake kira satalayit, masu zuwa da babban akwatin wufa, wato sifikar da ke fitar da sauti mai kauri. Yawancin abin da kake saurare karatu ne da tafsiri da labarai, sai waƙa, fim kuwa sai ranar hutu. A wannan ɗaki naka, sifikar da ake ɗorawa a kan kanta nake ba ka shawarar saye.

Kunnen mutum yana jin sauti daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, wato lambar da ake rubutawa da Hz a jikin kwali. Sauti mai kauri yana can ƙasa, siriri yana sama. Mai kaurin ba ya fita sai an tunkuɗa iska da yawa, ƙaramin faifai kuwa, wato zagayayyen abin nan na gaban sifika da ke kaɗawa ya fitar da sauti, ba shi da wannan ƙarfin. Sifikar kanta galibi faifanta inci 5 ne zuwa 6.5, da wani ɗan ƙarami na inci 1 a samansa don siririn sauti, shi ya sa ita kaɗai take iya sauka har wajen 50 ko 60. Satalayit faifanta inci 2 ne ko 3. Tana kaiwa wajen 120 zuwa 150 sai numfashinta ya ƙare, duk abin da ke ƙasa da nan an bar wa wufa.

Wannan ya shafe ka kai tsaye, domin tushen muryar namiji baligi yana tsakanin 85 da 180. Idan malami yana jan baƙi a satalayit, an raba muryarsa gida biyu ke nan: saman muryar na fitowa daga 'yar ƙaramar da ke bango, kaurinta na fitowa daga akwatin da ke ƙasa kusa da talabijin. Ƙasa da 80 kunne ba ya gane inda sauti ya fito, shi ya sa masu harkar sautin silima suka tsayar da 80 a matsayin iyakar da ake miƙa wa wufa aiki. Sama da haka kunne yana ganewa sarai. A masu araha ma har giɓi ake samu tsakanin inda wufa ta tsaya da inda ƙananan suka kama, sai ka ji ƙugi a ƙasa, tsiwa a sama, tsakiya babu nama. Sifikar kanta daga wuri ɗaya take fitar da muryar gaba ɗayanta, kuma wanda ya saba sauraron karatu yana jin bambancin tun a ayar farko.

Sai maƙwabci, wanda ni a wurina shi ne babbar magana. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, don haka igiyar sauti mai kaɗawa 50 tsawonta ya kusa mita 7, ya fi falonka tsawo. Bulo mai rami yana tare siririn sauti daidai gwargwado, amma mai kauri ratsa shi yake yi. Ga rufin kwano, ga silin, ga ƙofar ƙarfe, ga kwanukan jere na matar maƙwabci, duk suna amsawa. Kai kana jin waƙa, shi bugun kawai yake ji ta bangon da ya jingina gadonsa. A ƙauye kuma bayan isha gari tsit yake yi, babu ƙarar mota da za ta rufe maka asiri. Za ka ce ai sai ka rage wufar. To kana rage ta muryar za ta ƙanƙance ta koma kamar ta wayar hannu, tunda kaurin muryar a can yake. Sifikar kanta kuwa ko ka yi ƙasa da ita sosai maganar tana nan da cikarta. Haƙƙin maƙwabtaka ya isa a sa shi cikin lissafi tun kafin a biya kuɗi.

Ban hana wa satalayit nata ba. Ba ta cin wuri, ana maƙala ta a bango inda hannun yara ba ya kaiwa, kuma mai guda biyar da wufa, wadda ake rubuta wa 5.1, tana da daɗi a fim, ka ji mota ta wuce ta bayanka. Sai dai hakan ba ya samuwa sai fim ɗin an haɗa sautinsa hanya shida tun asali. Rediyo da waƙoƙin memori da mafi yawan abin da ke YouTube hanya biyu ne ko ɗaya, na bayan ko dai su yi shiru ko su maimaita abin da na gaba ke faɗa. Mai gidan kansa da katanga, wanda fim ne abin sha'awarsa, shi ta dace da shi.

A maganar wuta ma sifikar kanta ta fi ba ka zaɓi. Akwai mai amfilifaya a cikinta, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, irin Edifier R1280T, faifai inci 4, wat 42, tana sauka zuwa wajen 75; 'yar'uwarta R1280DB tana da Bluetooth. Waɗannan wutar soket suke so, in sola gare ka sai ta inbata. Akwai kuma wadda babu komai a cikinta sai faifai, ka haɗa ta da ƙaramar amfilifaya mai cin bolt 12 zuwa 24, wadda za ta sha kai tsaye daga batirin sola. A bolt 12 ba za ta ba da duk ƙarfin da aka rubuta ba, amma ya ishi falo har ya yi yawa. Ranar da amfilifayar ta ƙone, ita kaɗai za ka canza. A yawancin satalayit kuwa amfilifayar tana cikin akwatin wufa, in ya mutu duk ƙananan sun zama ado. Kada kuma dubban wat da ake bugawa a kwali da sunan PMPO su ruɗe ka, zuzutawar talla ce; lambar da aka rubuta wa RMS, wato ƙarfin da take iya riƙewa a kai a kai, ita ce abin dubawa.

In ka kawo ta gida, ka jingina kantar da bangon da ba na maƙwabci ba. Ƙaramin faifan ya zo daidai kunnenka kana zaune, tsakanin tagwayen kamar mita 2, kai ma nisanka da kowacce kamar haka. In ramin iskarta a baya yake, ka bar taƙi ɗaya ko fiye tsakaninta da bango, ka sa roba ko ninkakken ƙyalle a ƙarƙashinta, ka riƙa rufe ta lokacin hunturu saboda ƙura.

Ranar da za ka shiga Sabon Gari, ka tafi da memorinka mai karatun da kunnenka ya saba da shi. Masu shago da waƙa mai bugu suke gwaji, su ƙure ƙara, a haka kuwa kowace sifika burgewa take yi. Ka sa a kunna naka, a rage ƙarar zuwa yadda za ka saurara da dare, ka matsa kusa saboda hayaniyar kasuwa. A satalayit ɗin ka ce a murɗe wufar zuwa ƙasa, ka ji abin da ya rage na muryar, sannan ku yi ciniki.