Sharhi: Auna sinadarin fulorin a ƙasar gonakinmu ta hanyar PIGE

Duk wanda ya taso a yankin Kaltungo na Jihar Gombe ya san haƙoran nan da ke rinewa su yi ja kamar na mai cin goro, alhali yaron bai taɓa sa goro a baki ba. An daɗe da gano cewa yawan sinadarin fulorin a ruwan sha ne ke jawo haka, amma ni da nake malamin gona, abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙasar da muke nomawa, musamman lambunan da ake ba wa ruwan burtsatse da rani, ana kuma zuba musu takin sufa, wanda ake sarrafawa daga dutsen fosfet mai ɗauke da fulorin. Shi ya sa na ɗebo ƙasa daga wurare 12 domin a auna mini.

Da farko hankalina ya tafi kan tukunyar nukiliya ta bincike da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, inda ake auna sinadarai ta hanyar harba wa samfur ƙwayoyin niyutiron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke cikin zarra. Wani tsohon malamina ne ya fahimtar da ni cewa fulorin yana da wuyar kamawa da niyutiron, domin nau'in da yake rikiɗewa zuwa gare shi rabinsa kan ɓace cikin daƙiƙa 11, sannan sodiyam da ke cikin ƙasa yakan haifar da wannan nau'in shi ma, ya dagula lissafi. Ya ba ni shawarar hanyar PIGE, inda ake harba ƙwayoyin furoton, wasu ƙwayoyin zarra masu caji, a kan samfurin, fulorin ɗin da ke ciki ya fitar da hasken gama, wani haske da ido ba ya gani, mai alamar da babu wani sinadari da ke da irinta.

Na shanya ƙasar a inuwa, na daka, na tankaɗe ta har ta yi laushi kamar garin tuwo. A ɗakin binciken, a gabana ma'aikacin ya matse kowane samfur ya zama 'yar ƙwaya mai faɗin maɓallin riga, ya jera su cikin akwatin ƙarfe, aka zuƙe iskar da ke ciki. Ba a narka komai da asid ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi burge ni, domin a wajen narkawa ne fulorin yakan salwanta ba a sani ba. Cikin 'yan mintuna layuka biyu suka miƙe a fuskar kwamfuta, a daidai 110 da 197 keV (ma'aunin ƙarfin hasken), wato alamar fulorin, aka kwatanta tsayinsu da na wata ƙasa da aka riga aka san adadin fulorin ɗinta. Na roƙi a maimaita samfur uku. Biyu suka yi daidai da awon farko, ɗaya ya ɗan kauce, kuma ma'aikacin ya nuna mini dalili: furoton ba ya shiga ciki sosai, fatar sama kawai yake taɓawa, don haka ƙasar da ba ta daku da kyau ba, takan ba da amsa biyu.

Jira ne ya wahalar da ni, domin na shafe makonni kafin layi ya zo kaina, kuma kuɗin ya fi ƙarfin ƙaramin manomi shi kaɗai.

Sakamakon ya nuna gonakin gindin dutse sun fi na fadama fulorin, saɓanin zatona. Sai dai wannan awo jimillar abin da ke cikin ƙasa yake bayarwa, har da wanda ke ɗaure cikin tsakuwa ba ya narkewa, kuma ba shi ne ke rina haƙoran yara ba. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya, miligiram 1.5 a kowace lita, ta ruwan sha ce, don haka kuskure ne a ɗora alƙaluman ƙasa a kanta. Ina ba ɗaliban bincike da ƙungiyoyin manoma shawarar wannan hanya ba tare da shakka ba, muddin za su haɗa ta da awon ruwa. Ni kaina na riga na cika robobi daga rijiyoyin da ke kusa da gonakin gindin dutsen, kuma su zan kai ɗakin gwaji kafin saukar damina.