Raspberry Pi 2 a lakwal ɗinmu: gargaɗin da ya biyo bayan sabon karnel

A wata lakwal mai zaman kanta da ke Zango, nan Damagaram, muna amfani da Raspberry Pi 2, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, wajen raba wa ɗalibai Wikipedia ba tare da intanet ba, ta manhajar Kiwix. Na'urar ta fito ne a 2015, tana da masarrafi Cortex-A7 da ƙwaƙwalwa giga 1, kuma wutar da take ci ba ta taka kara ta karya ba: ƙaramin batir da fano ɗaya na hasken rana sun ishe ta. A garin da ɗaukewar kuran ba baƙon abu ba ne, wannan kaɗai ya isa a yaba mata.

Sai dai ba ta zo da wifi a jikinta ba. Na sayi wani ɗan kile na wifi a kasuwar Dole, ashe direbansa, wato manhajar da ke sa shi aiki, ba ya cikin tsarin Linux ɗin da ke kan katin microSD na na'urar, dole na sake gina karnel, wato zuciyar Linux, da kaina. A kan babbar kwamfuta na yi ginin, da saitin karnel na wannan na'ura mai suna bcm2709_defconfig, don a kan na'urar kanta aikin awoyi yake ci. Da gangan na kunna UBSAN, kayan binciken kurakuran manhaja da ya shiga Linux tun 2016, saboda ban san hannun da ya rubuta direban ba.

Na'urar tana tashi, dmesg, inda karnel ke rubuta saƙonninsa, ya cika da layukan misaligned-access. Malam Sani, mai koyar da lissafi, da ya leƙo allon cewa ya yi: "Malam, ai wannan ta mutu ke nan." Lafiyarta lau. Abin da layukan ke nufi shi ne an karanta wata lamba daga adireshin ƙwaƙwalwa da bai dace da girmanta ba: mai bayit 4 ana so ta fara a adireshin da 4 ke rabawa ba saura. Cortex-A7 yana jure irin wannan a karatu guda-guda, shi ya sa akasarin gargaɗin hayaniya ce kawai, kuma bayanin da ke jikin CONFIG_UBSAN_ALIGNMENT, saitin da ke kunna wannan gargaɗi, ma ya faɗi haka. Na kashe saitin, allon ya yi fes.

A nan ne nake ganin mutane da yawa za su tsaya, alhali ciwon yana nan. Akwai umarnin da masarrafin ARM, dangin Cortex-A7, ba ya yafewa, irin su ldm da ldrd, masu kwaso lambobi fiye da ɗaya a tashi guda. Idan adireshi ya karkace, masarrafi ya tsaya cak, karnel ya ɗauko bayanin bayit-bayit, sannan aiki ya ci gaba. Ba abin da ke faɗuwa, amma kamar mai kura ne da ke sauke jarka a kowace kwana yana sake ɗorawa. Fayil ɗin /proc/cpu/alignment ne ya tona asiri: layin System, mai ƙirga irin wannan gyara a cikin karnel, yana ta hauhawa duk lokacin da ɗalibai suka buɗe shafi, ga kuma sunan wurin da abin ya faru a gefensa.

Dalilin tsohon zance ne a wajen masu rezo. Kan saƙon Ethernet, wato bayanin da ke farkon saƙon rezo, bayit 14 ne, don haka kan IP da ke biye da shi yana faɗawa a karkace, sai an bar ratar bayit 2 a gaba. Direban kilen bai bar ta ba. Layi ɗaya na ƙara, skb_reserve da NET_IP_ALIGN, mai barin wannan rata, lissafin System ya tsaya wuri guda, shafuka suka riƙa buɗewa da sauri ko aji ya cika. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, rage wa masarrafi aikin banza ba ƙaramin abu ba ne.

Ga duk lakwal ko ɗakin karatun da ke son irin wannan aiki, na yarda da na'urar. Wanda bai son taɓa karnel ya nemi Raspberry Pi 3, wadda ta fito a 2016 da wifi a jikinta. Katin microSD kuwa ba ya shiri da yankewar wuta, don haka a ajiye kwafinsa a aljihun tebur tun kafin a fara gwaji.