Microsoft Defender a shagon buga takardu: abin da na gani cikin shekara uku

Duk mai shagon buga takardu a kusa da makaranta ya san cewa ƙwayar cutar kwamfuta ta filash ɗin ɗalibai ta fi shigo masa, domin kowane filash ya riga ya zaga shaguna da dama kafin a soka shi a kwamfutarsa. Na daɗe ina dogaro da wata manhajar riga-kafi ta sata da wani mai gyara ya saka mini, har ranar da wata ɗaliba ta kawo kundin bincikenta na kammala karatu. Muna buɗe filash ɗin muka tarar fayilolinta sun ɓace, sai gumakan bogi masu ɗauke da sunayensu, kowanne da 'yar kibiya a gefe. Ta tsaya gaban teburina hannunta na rawa, ga shi washegari za ta miƙa aikin. Allah Ya taimaka, irin wannan cutar ɓoye fayiloli take yi, ba ta goge su, don haka muka dawo da su.

Da na bincika sai na gane manhajar satar ta yi watanni ba ta sabunta kanta ba, kuma zamanta a kwamfutar ya sa Defender, riga-kafin da ke zuwa tare da Windows, ya janye, domin haka aka tsara Windows: idan aka saka wani riga-kafi, nasa yakan koma gefe. Ranar na cire ta.

Tun daga Windows 8, wanda ya fito a 2012, Defender ya zama cikakken riga-kafi da ke zuwa a cikin kwamfuta kyauta, kuma cibiyar AV-TEST ta Jamus, wadda ke gwada irin waɗannan manhajoji, ta sha ba shi maki mai yawa a fannin kariya. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya damun mutum da tallace-tallace ko neman kuɗin sabunta rajista. Idan aka buɗe filash mai cuta, sanarwa takan fito a ƙasan allo cewa an killace wani fayil, ni kuma in ci gaba da aikina. Akwai kuma binciken da yake yi bayan ya sake kunna kwamfuta, kafin Windows ya tashi, wanda ke ɗaukar kimanin minti 15, kuma shi nake amfani da shi a kan cutar da ta ƙi fita.

Sai dai yana da sharuɗɗa. Dole ne kwamfuta ta riƙa shiga intanet don ya karɓi bayanan sababbin cututtuka, kuma na san masu shaguna da yawa da ke kashe sabuntawa saboda tsadar data. Wannan ganganci ne. Cutar WannaCry da ta auka wa ƙasashe kusan 150 a watan Mayun 2017, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, ta bi ta wata kafa ce da Microsoft ya riga ya toshe tun watan Maris, amma mutane ba su sabunta ba. Haka kuma sashen da ke hana cututtukan da ke kulle fayiloli don neman kuɗin fansa taɓa muhimman foldoji a kashe yake zuwa, sai mutum ya kunna da kansa, kuma cikakken bincike yana sa tsohuwar kwamfuta nauyi, shi ya sa nake barinsa sai bayan sallar isha'i.

Damuwata yanzu ita ce Windows 10, wanda aka daina tallafa wa a ranar 14 ga Oktoban 2025. Biyu daga cikin kwamfutocina ba za su ɗauki Windows 11 ba, don haka na daina soka filash ɗin kowa a cikinsu, na ware sabuwar kwamfutata ita kaɗai don karɓar aikin ɗalibai.