Hattara da masu wayarin da ke karɓar aiki haɗe da sayen kaya

Jama'a, duk wanda ya ƙara ɗakunan baya ko ya fitar da shago a ƙofar gida, kuma zai sa ƙaramin akwatin rarraba wuta a can, ya buɗe ido. Akwai masu wayarin da za su ce ka bar musu komai, har sayen kaya, a farashin da zai faranta maka rai. Ribarsu tana cikin bango, inda idonka ba zai kai ba.

Babbar cutar a waya take. Za a nuna maka guntuwa ta jan ƙarfe zalla, amma wadda za a zura a bututu alminiyam ce da aka lulluɓe da ɗan jan ƙarfe a sama. Alminiyam kuwa kusan kashi 60 cikin 100 kawai yake ɗauka na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka, ga saurin saki a wurin ɗauri, nan zafi ke taruwa. Kankare bakin wayar da wuƙa: in fari ya leƙo, an cuce ka. Ko ka kara sili ɗaya a wutar ashana, na jabu lanƙwashewa yake nan take. Ɗaga naɗin ma ka ji, jan ƙarfe ya ninka alminiyam nauyi sau uku.

Sai bireka. Aikinta ta yanke wuta kafin waya ta ƙone, don haka da kaurin waya ake auna ta: waya mai lamba 1.5 ta fitilu a sa mata bireka mai amfiya 10, waya mai lamba 2.5 ta soket a sa mata mai amfiya 20. Macucin sai ya ɗora mai amfiya 63 a kan siririyar waya don kada ta taɓa faɗuwa ka kira shi. Ana guga, hita na kunne, roba na narkewa a cikin bango, yara suna barci a ɗakin. Wannan ne ya fi ci min rai.

Ka sa a buɗe akwatin a gabanka. Wayar ƙasa, mai kore da rawaya, wadda ke kai wutar da ta kauce hanya zuwa ƙasa, dole ta taho tun daga babban akwati ta zauna a sandarta daban, ba a cakuɗa ta da nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, a ƙaramin akwati. A sa na'urar da ke yanke wuta in ta yi yoyo ko ta ja mutum, mai miliamfiya 30, ka danna maɓallin gwajinta da hannunka ka ga ta faɗi.

Ka sayi kayanka da kanka, da rasit, ka duba tambarin inganci na MANCAP na SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, a kan wayar da aka yi a Najeriya. Ka nemi mai aikin ya nuna takardar shaidarsa ta NEMSA, hukumar da ke tantance masu aikin wutar lantarki, kuma kada a yi filasta sai ka ga abin da aka binne.

In an riga an yi maka aikin, kana jin soket da ɗumi ko ƙaurin roba, don Allah kashe layin daga babban akwati yau, ka kira wani ma'aikacin daban ya duba.